Turaku Biyu Da Sassafe: Inda Adalci Ke Farawa A Filin Golf

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, ya san yawancin rigimar ciniki daga tiya take tasowa. In gindin tiya ya lotsa, ko mai awo ya rage cikawa, to ko farashi ya yi sauƙi an cuci mai saye, kuma ba zai gane ba sai ya isa gida. Buhun gero mai kilo 100 wajen tiya 40 ne. Dintsi guda da aka rage a kowace tiya, kafin buhu ya ƙare ya zama abincin yini na wani gida.

To jama'a masu karatu, yau za mu ɗan yi nisa da kasuwa, mu leƙa wani wasa da yawancinmu a talabijin kaɗai muke gani, wato golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Wasa ne na masu hali, kuɗin da ke cikinsa kuwa sai dai a riƙe baki. Wanda ya ci babbar gasar Amurka ta US Open a shekarar 2002 ya tafi gida da dala miliyon 1, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Amma su ma suna da tasu tiyar. Wasu ƴan turaku biyu ne da ma'aikacin fili ke kafawa da sassafe, tun ƴan wasa ba su tashi daga barci ba, domin nuna inda za a tsaya a yi bugun farko. Inda aka kafa su kan raba mai riba da mai asara, kuma sun sha haddasa gardama mai zafi.

Wasan a taƙaice

A ƙasar Sikotland ta Birtaniya wasan ya girma. Ana buga wata ƴar ƙwallo mai tauri, girmanta kamar ƙwan zabuwa, nauyinta bai kai giram 46 ba, da sanduna masu lanƙwasasshen kai waɗanda doka ta ce kada ɗan wasa ya ɗauki fiye da 14. Cikakken fili yana da ramu 18, faɗin bakin kowane rami milimita 108, tsawon filin duka kuwa yakan kai kilomita 6 zuwa 7. Kowane rami yana da matasa, wato dandalin da ake bugun farko, sai turba mai gajeriyar ciyawa wadda ke bi ta tsakanin duhuwar ciyawa da ramukan yashi da tafkuna, sai kuma farfajiya mai santsi inda ramin yake. Akwai adadin bugun da aka ƙiyasta gwani zai yi a kowane rami, 3 ko 4 ko 5. Mu kira shi mizani. A nan, saɓanin tamaula, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci.

Wasan ba baƙo ba ne ƙwarai a yankinmu. Kano da Kaduna da Jos suna da filayen golf tun zamanin Turawan mulki, a nan gida ma an yi wani fili mai suna Rio Bravo a bayan garin Yamai kusa da kogin Isa, inda ƙasa da yashi suka maye gurbin ciyawa.

Abin da doka ta ce game da turakun

Dokokin golf na farko da aka rubuta, guda 13 ne, an yi su a Edinbara a shekarar 1744. A lokacin babu matasa ta daban. In ka gama rami, nan kusa da shi, tazarar sanda guda, za ka tara ɗan yashi ka ɗora ƙwallo ka buga zuwa rami na gaba. Sai cikin ƙarni na 19 aka ware wa bugun farko wurinsa. A yau hukumomi biyu ke riƙe da doka guda: USGA mai kula da Amurka da Meziko, da R&A ta garin St Andrews mai kula da sauran duniya.

Ga yadda dokar take. Layin da ya haɗa gaban turakun biyu shi ne iyaka ta gaba. Daga nan a auna tsawon sanda biyu zuwa baya, wato mita biyu da ɗan wani abu. Wannan ƴar murabba'ar ita ce matasa. Dole ƙwallon ta kasance a ciki, amma shi ɗan wasa yana iya tsayawa da ƙafafunsa a waje. Wanda ya ɗora ƙwallonsa gaba da layi, ko da faɗin hannu ne, in gasar ƙidayar bugu ce sai a ƙara masa bugu 2 na tara, kuma ya dawo ya sake daga wurin da ya dace, in bai gyara ba a kore shi daga gasar. In kuwa karon mutum biyu ne, babu tara, amma abokin karawarsa na da ikon cewa a soke bugun a sake. Haka nan ɗan wasa ba ya da izinin tuge turke ya matsar da shi don ya ji daɗin bugunsa na farko. In ya yi haka akwai tara a kansa. Kwamitin gasa kaɗai ke da wannan iko. Mai saye dai ba ya zuwa rumfa ya ce sai da tiyarsa za a auna masa.

Shi ma mai kafa turakun akwai ƙa'idojin da aka shawarce shi ya bi. Ya bar taku 5 zuwa 7 tsakaninsu. Ya daidaita su su fuskanci tsakiyar turba, domin turakun da suka karkace kan yaudari ido, mutum ya yi bugu mai kyau ƙwallo ta faɗa cikin itatuwa. Ya bar sarari a bayansu wanda ya kai tsawon sanda biyu, a wuri shimfiɗaɗɗe, don mai bugu da dama da bahago duka su sami wurin tsayawa. A manyan gasanni har ɗigon fenti ake sawa a gindin kowane turke, saboda in wani ya ture shi a mayar da shi daidai inda yake, kada na safe da na yamma su buga rami mai tsawo daban-daban.

Me ya sa ba a barinsu wuri guda?

Wani zai ce, to a kafa su da siminti mana a huta. Dalili na farko shi ne ciyawa. Wurin da mutum ɗari suka tsaya suka sari ƙasa da sanda a yini guda, in ba a bar shi ya huta ba, cikin ƴan kwanaki ya zama faƙo. Na biyu shi ne iska da ruwa. Ramin da ke da mita 400 in iska tana bayan mai bugu, kamar ya ragu ne, in kuma tana gabansa kamar an ƙara masa tsawo. Ƙasa busasshiya tana gangara ƙwallo, jiƙaƙƙiya tana riƙe ta inda ta faɗa.

Sai dai matsarwar tana da iyaka, kuma ga dalilinta. Ƴan wasan da ba sana'arsu ba ce kowanensu yana da rangwame, wato adadin bugun da ake rage masa gwargwadon ƙarfinsa, don sabon shiga ya iya karawa da tsohon hannu. Tun shekarar 2020 tsari guda ake bi a duniya wajen lissafa wannan rangwame, kuma lissafin ya dogara ga tsawon filin da aka auna aka rubuta. Saboda haka a kowace matasa akwai alama ta dindindin da aka binne a ƙasa, daga ita ake awo. Tsarin ya ce kada turakun yini su wuce wannan alama da fiye da mita 10 gaba ko baya, kuma in an tara ramu 18 kada filin ya ragu ko ya ƙaru da fiye da mita 100. In wani fili ya saba jan turakunsa baya, ƴan wasansa za su riƙa yin bugu da yawa, rangwamensu ya kumbura, su je wani gari su kwashe kyaututtukan da ba su cancanta ba. Ɗan kasuwar da ya taɓa saye da babbar tiya a ƙauye ya sayar da ƙarama a birni ya san irin wannan riba, ya kuma san sunanta.

Ranar da turba ta yi wa mutane nisa

A watan Yuni na 2002 aka yi gasar US Open a filin Bethpage na jihar Niu Yok, filin gwamnati wanda kowa ke iya biya ya shiga. Rami na 10 yana da tsawon mita 450, mizaninsa 4. Daga inda aka kafa turaku zuwa farkon turba sai ƙwallo ta yi tafiyar wajen mita 230 a sama, tsakani kuwa duhuwar ciyawa ce. In gari ya yi kyau, wannan ba ya gagarar ƙwararre. Amma ranar Juma'a 14 ga wata aka tashi da ruwa da sanyi da iska mai fuskantar masu bugu, turakun kuma aka bar su can baya.

Abin da ya biyo baya shi ne, ƴan wasan da ba su da dogon bugu, cikinsu har da waɗanda suka taɓa cin manyan gasanni, sai su yi bugu miƙaƙƙe wanda ba shi da aibi, amma ƙwallon ta faɗa cikin duhuwa tun ba ta isa turba ba. Wasu har suka koma auna ƴar siririyar hanyar ƙafa da aka yanke cikin ciyawar don mutane su bi. Masu ƙarfin dantse kuwa ƙwallonsu na wucewa lafiya. Tiger Woods ne ya ci gasar, kuma shi kaɗai ya gama ƙasa da mizani. Babu mai shakkar gwanintarsa, amma gardamar da ta rage ita ce: ramin da ke hukunta mai bugu daidai saboda kawai ba a halicce shi da ƙarfi ba, gwajin iyawa ne ko kuwa an rufe wa wasu ƙofa tun kafin su zo? Matsar da turakun nan ƴan taku gaba da safiyar ranar da ya kashe maganar. Da gasar ta koma Bethpage a 2009, an jawo farkon turbar ramin kusa da matasa.

An ba wasu ruwa, an hana wasu

Shekara biyu bayan haka, a 2004, gasar ta je filin Shinnecock Hills, shi ma a jihar Niu Yok. Wannan karon matsalar daga ɗaya ƙarshen ramin ta fito. Masu shirya fili sun bar farfajiyoyi sun bushe don su yi santsi, sai busasshiyar iska ta taso ta ƙarasa aikin. Ranar Lahadi 20 ga Yuni, ranar ƙarshe, farfajiyar rami na 7 ta zama kamar daɓen siminti mai gangare. Ƙwallo ta sauka kusa da rami, ta zame ta faɗa cikin yashi. Bayan rukunonin farko sun sha kashi a wurin, sai aka tsayar da wasa aka kawo tiyo, daga nan aka riƙa yayyafa ruwa jefi-jefi tsakanin masu wucewa.

Yayyafin ya ceci ramin, amma ya ɓata awo, domin waɗanda suka buga a busasshiyar farfajiya ba a goge musu bugunsu ba. A ranar, cikin ƴan wasa 66 babu ko ɗaya da ya yi ƙasa da mizanin fili, wato bugu 70, kuma 28 daga cikinsu sun yi 80 ko fiye. Retief Goosen na Afirka ta Kudu ya ci, da ratar bugu 2 a kan Phil Mickelson. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwan da aka zuba da rana tsaka, da daren jiya ya kamata a zuba shi, kowa ya same shi daidai.

In kiɗa ya sauya

Daga shekarar 2006 hukumar USGA ta danƙa shirya filin gasar a hannun wani jami'inta mai suna Mike Davis, shi kuma ya zo da sabon salo: turaku su riƙa motsi daga rana zuwa rana gwargwadon iska da irin gwajin da ake so. A 2008, a filin Torrey Pines na Kalifoniya, rami na 14 mai tsawon kusan mita 400 aka jawo turakunsa gaba ranar Lahadi ya koma mita 244. Sai kowane ɗan wasa ya tsaya yana lissafi irin na ɗan kasuwa: in kai ƙwallo farfajiya da bugu guda in yi kasadar faɗawa cikin kwazazzabo, ko in bi a hankali? Mai dogon bugu da mai gajere duka suna da hanya. Salon ya ɗore. A gasar 2023 a Los Anjeles, an buga rami na 15 ranar Asabar da tsawon mita 74 kacal, mafi gajarta a tarihin gasar, alhali wani rami mai mizani 3 irinsa a filin ya kai wajen mita 265.

Duk da haka mai gyara ma yakan yi kuskure. A 2018 gasar ta koma Shinnecock, ranar Asabar aka haƙa wasu ramu a wurare masu gangare, iska kuma ta fi yadda aka zata. Daniel Berger da Tony Finau, waɗanda suka buga da safe tun fili na da laima, sun fara ranar ana gabansu da bugu 11, kowanensu ya yi 66, dare ya yi suna cikin masu jan gaba, domin na yamma sun tarar da wani fili daban. Mike Davis ya fito gaban ƴan jarida ya amsa cewa abin ya wuce gona da iri. Wannan amsa laifi ma wani abu ne, don ba kowane mai awo ke yarda tiyarsa ta lotsa ba.

Mata daga ina za su tashi?

A yawancin filaye kowane rami yana da turaku iri uku ko huɗu, kowane iri da launinsa: na can baya don ƙwararru, na tsakiya, da na gaba waɗanda aka saba ba mata da dattawa da yara. Dalilin a fili yake. A yawancin lokaci bugun namiji ya fi na mace nisa, ko da gwanintarsu ɗaya. To in za su kara a gasa guda, adalci shi ne su tashi daga layi ɗaya, ko kuwa kowa daga inda zai fuskanci wahala daidai da ta ɗan'uwansa?

A 2002 wata malamar golf mai suna Suzy Whaley ta ci gasar ƙwararrun jihar Konetikat a Amurka, ta doke maza, tana bugawa daga turakun da suka rage mata kusan kashi 10 cikin 100 na tsawon fili, kamar yadda dokar gasar ta yarda a lokacin. Nasarar ta ba ta kujera a wata babbar gasar maza a Hartford a 2003, abin da wata mace ba ta samu ta hanyar cin gasar share fage ba tun 1945. Nan fa ƙorafi ya tashi, aka ce da ƙaramar tiya aka auna mata. Ƙungiyar ƙwararrun Amurka ta sauya doka: duk mai neman irin wannan kujera, mace ko namiji, daga turaku ɗaya zai buga. Ita kuwa ta je Hartford ta buga daga na maza, ta yi 75 da 78, ba ta tsallake zuwa kwanaki biyun ƙarshe ba. A 2018 ita ce mace ta farko da ta zama shugabar wannan ƙungiya da ta sauya doka saboda ita.

A ƙasar Suwidin kuma wata hanya aka bi. Daga 2021 zuwa 2024 an yi wata gasa ta maza 78 da mata 78, fili ɗaya, kofi ɗaya, kuɗi ɗaya, amma turaku daban, an auna su don mace da namiji su tunkari farfajiya da wahala kusan iri ɗaya. A watan Yuni na 2022, a garin Halmstad, wata ƴar ƙasar mai shekara 22, Linn Grant, ta ci da ratar bugu 9, ta zama mace ta farko da ta ci gasa a jerin gasannin mazan Turai. Masu cewa an gajarta wa mata fili da yawa sun sami amsa a allon sakamako, domin maza ne suka cika sahun da ke biye da ita, sauran matan suna can baya. A 2024 ta sake cin gasar.

Hanyoyin biyu kowace tana da hujjarta. In kujera ake nema a gasar da kowa zai tashi daga layi ɗaya, to share fagen ma ya zama daga layi ɗaya. In kuwa so ake a ga wa ya fi iya sarrafa ƙwallo, sai a ba kowa tazarar da ta dace da ƙarfinsa. Abin da ba ya karɓuwa ko'ina shi ne a sauya ma'auni bayan an fara awo, ko a ɓoye wa mutane da wane ma'auni za a auna su.

Abin ɗauka

Mai kafa turakun nan ba a ganinsa a talabijin, ba a kiran sunansa ranar ba da kofi. In ya yi aikinsa daidai babu mai tunawa da shi, sai ranar da ya kuskure duniya ke sanin akwai shi. Abin da ake bukata gare shi bai wuce huɗu ba: ya duba gari kafin ya kafa, ya tuna da mai ƙaramin ƙarfi wanda ya iya aikinsa, ya sanar da kowa inda iyaka take, sannan in an fara wasa ya janye hannunsa. Sarkin kasuwa, da mai rabon rumfuna, da uwar adashi mai tsara wa zai fara kwasa, da mai riƙe da sikeli a tasha, duk sun san wannan nauyi, ko da ba su taɓa riƙe sandar golf ba.

Allah ya ba mu ikon cika ma'auni, ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.